Aƙida, mazhaba, ɗariƙa da sunayen ƙungiyoyi: me kowanne yake nufi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a kwalejin ilimi, kuma kaina ya ɗaure da sunayen da nake ji a wa'azi da muhawarar malamai. Kakana yana cewa shi Bamalike ne, yana kuma cewa shi Baƙadire ne, wani abokina kuma ya ce ai tsohon Ba'ash'are ne, bai dai sani ba. Na ji an ce wa wani malami Murji'i, wani an ce masa Bahawarije, wani kuma an ce ɗan falsafa ne, zindiƙi. Shin waɗannan duk ƙungiyoyi ne daban-daban? Mutum ɗaya zai iya shiga biyu ko uku? Me kowane suna yake nufi?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara fahimta. Tambaya biyu ka haɗa: ma'anar sunayen, da kuma ko suna haɗuwa a kan mutum ɗaya. Ta biyun ta fi sauƙi, da ita zan fara. Kakanka bai yi tufka da warwara ba. Sunayen da ka jero ba a sahu ɗaya suke ba, kowanne amsa ce ga tambayarsa, kamar a ce mutum Bakano ne, tela ne, kuma mai unguwa ne. Ba wanda zai ce sai ya zaɓi ɗaya. Yawancin ruɗanin da nake gani wurin ɗalibai daga nan yake tasowa: sun ɗauka duk sunan da ya ƙare da "iyya" kishiyar sauran ne.

Mazhaba, aƙida, ɗariƙa

Mazhaba tana amsa tambayar aiki: yaya zan yi alwala, me ke ɓata azumi, yaya ake raba gado, wane ciniki ne ya halatta. Hanya ce ta fitar da hukunci daga Alƙur'ani da Sunna, wadda wani limami ya shimfiɗa, almajiransa suka gina a kai. Huɗu ne suka wanzu a cikin 'yan Sunna: ta Abu Hanifa wanda ya rasu a shekara ta 150 bayan hijira, ta Malik (179), ta Shafi'i (204), da ta Ahmad bin Hambal (241). Saɓaninsu irin na shafar kai ne a alwala: Malikawa suka ce a shafe shi duka, Hanafawa suka ce kashi ɗaya cikin huɗu ya isa, Shafi'awa suka ce ko wani yanki kaɗan ya wadatar. Ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga Musulunci a kan wannan. In kakanka ya ce shi Bamalike ne, yana nufin da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ya koyi ibadarsa, kamar mafi yawan mutanen ƙasar Hausa.

Aƙida kuwa abin da zuciya ta ƙulla ne game da Allah, siffofinsa, manzanninsa, ƙaddara da lahira. Ilimin da ke kula da ita ana ce masa tauhidi, ko usuluddini, ko ilmul kalam idan ana kare ta da hujjojin hankali. A nan ne sunaye irin su Ash'ariyya, Maturidiyya, Asariyya da Mu'utazila suke zaune. Hausa ta faɗaɗa kalmar har ta kai siyasa, shi ya sa kake jin aƙidar gurguzu ko ɗan siyasa mai aƙida, amma a bakin malaman addini ma'anar farko ake nufi.

Ɗariƙa tambayarta daban: yaya zan gyara zuciyata, wa zai yi mini tarbiyya, wane wuridi zan lazimta. Ƙadiriyya tana komawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, wanda ya rasu a 561, Tijjaniyya kuma ga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815 miladiyya. Ga abin da zai nuna maka cewa ɗariƙa da mazhaba ba abu ɗaya ba ne: Shehu Abdulƙadir Bahambale ne a fiƙihu, amma Ƙadirawan ƙasar nan, har da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Malikawa ne, kuma ba su ga wani karo a ciki ba.

Malaman Magrib sun daɗe da haɗa ukun a numfashi ɗaya. Ibn Ashir, malamin Fas da ya rasu a 1040 bayan hijira, ya buɗe waƙensa da ake haddacewa a zaurukanmu da cewa ya tsara shi ne a kan aƙidar Ash'ari, da fiƙihun Malik, da tafarkin Junaidu, jigon Sufaye. Don haka maganar abokinka tana da tushe. Idan kakanka ya karanta siffofi ashirin, wato samuwa, da siffofi biyar masu kore tawaya, da bakwai na ma'ani (iko, nufi, sani, rayuwa, ji, gani, zance), da bakwai da suke lizimtarsu, to tsarin Ash'ariyya ya karanta, ta hanyar Ummul Barahin ta Imam Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 895. Ka kula, wannan Sanusin ba shi ne mai ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya ba, wancan ya rasu ne a 1859 miladiyya, ƙarnuka ne a tsakaninsu. Sai dai kar ka ɗauka kowane Bamalike dole Ba'ash'are ne. Malik ya rasu kimanin shekara tamanin kafin a haifi Ash'ari, kuma akwai Malikawa da suke kan aƙidar Asariyya tun da, har yau.

Akwai abu na huɗu, ƙungiya, wadda ke da shugaba da ofis da rassa da 'yan agaji. Izala misali ce: an kafa ta a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma tunanin Sheikh Abubakar Gumi ya yi tasiri sosai a kanta. Izala ba mazhaba ba ce ta biyar. Tana da matsaya a aƙida, tana da matsaya a kan ɗariƙu, amma malamanta da yawa da littattafan Malikiyya suke koyar da fiƙihu.

Tsoffin sunaye da rigimar da ta haife su

Sunayen da ka ji ana jifan malamai da su, kusan duka a ƙarni uku na farko aka haife su, kuma kowanne yana da rigimar da ta kawo shi. Wanda ya riƙe rigimar, sunan ba zai kuɓuce masa ba.

Ta farko a kan mai babban zunubi ce. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37, wasu daga rundunar Sayyidina Ali suka ƙi yarda da sulhun da aka miƙa wa mutum biyu, suka ware suna cewa ba hukunci sai na Allah. Ali ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita, ya yaƙe su a Naharawan shekara mai zuwa. Su ne Hawarijawa, waɗanda suka fita. Abin da ya zama alamarsu shi ne kafirta Musulmi saboda babban zunubi, da halatta jininsa, da ɗaukar makami a kan shugaba. Sai wasu suka tsaya a ɗaya gefen suka ce imani gaskatawa ne, aiki ba ya cikinsa, hukuncin mai zunubi a jinkirta shi zuwa ga Allah. Jinkirtawa a Larabce irja'i ne, su ne Murji'a. Masu wuce iyaka a cikinsu har suka ce zunubi ba ya cutar da mai imani ko kaɗan. Ana nan sai Wasil bin Aɗa'u, almajirin Hasanul Basari, ya kawo magana ta uku: mai babban zunubi ba mumini ba ne, ba kafiri ba ne, yana wani matsayi tsakanin matsayai biyu, in kuma ya mutu bai tuba ba zai dawwama a wuta. Labarin da ya shahara ya ce ya tashi daga majalisin malaminsa ya koma wani gefen masallacin Basra, aka ce ya ƙaurace, daga nan sunan Mu'utazila ya bi su. Jamhurin 'yan Sunna suka ce Musulmi ne fasiƙi, al'amarinsa yana hannun Allah, in ya so ya yafe, in ya so ya hukunta, amma ba ya dawwama a wuta.

To ka ga, in an ce wa malami Murji'i a yau, galibi ana zarginsa ne da sassauci, wato ya ƙi kafirta wanda mai zargin yake ganin ya kafirta. In an ce masa Bahawarije, ana zarginsa da gaggawar kafirtawa ko tunzura mutane a kan hukuma. Na sha ganin malami ɗaya ya sha duka biyun, na damansa na ce masa wannan, na hagunsa na ce masa wancan.

Rigima ta biyu ƙaddara ce. Idan Allah ya rubuta komai, me ya sa za a hukunta bawa? Hadisin Jibrilu da ke farkon Sahihu Muslim ma da wannan labari ya fara: wasu tabi'ai biyu suka je wurin Abdullahi bin Umar suna kai ƙarar Ma'abadul Juhani, wanda ya fara maganar kore ƙaddara a Basra. Masu cewa bawa shi ke samar da aikinsa da kansa aka kira su Ƙadariyya. Masu cewa bawa ba shi da zaɓi sam, tilasta shi ake yi, aka kira su Jabariyya, kuma jigonsu Jahamu bin Safwan ne, wanda aka kashe a 128. Ash'ari ya nemi tsakiya da abin da ya kira kasbu: Allah ne ke halittar aikin, bawa kuma shi ke tsiwirwirarsa da nufinsa, a kan wannan ake yi masa hisabi. Masu suka sun ce wannan jabaru ne a ɓoye, ba cinya ba ƙafar baya, Ash'arawa kuma suka ce kowa yana jin bambanci tsakanin hannun da yake ɗagawa da nufi da hannun da ke karkarwa don zazzaɓi, kuma wannan bambancin suke nufi. A nan nake tsayar da ɗalibai in gargaɗe su: Ƙadariyya daban, Ƙadiriyya daban. Wasali ɗaya ne ya raba su a rubutun boko, amma ta farko ƙungiyar kore ƙaddara ce ta ƙarnin farko, ta biyu ɗariƙar Shehu Abdulƙadir ce. Na taɓa gyara takardar jarrabawa inda ɗalibi ya cika shafi guda yana ɗora wa Ƙadirawa laifin Ma'abad. Irin wannan tarkon ne tsakanin Ash'ariyya da Isna Ashariyya, wato 'yan Shi'a masu imamai goma sha biyu: ɗaya sunan mutum ne daga ƙabilar Abu Musal Ash'ari, ɗaya ƙidaya ce.

Rigima ta uku ita ce ta fi tsawon rai, don har yau ita ce ake yi a wayoyinku: siffofin Allah. Alƙur'ani ya ce babu wani abu da yake kama da shi, ya kuma ambaci hannu da fuska da daidaituwa a kan Al'arshi. Yaya za a riƙe biyun? Jahamu ya kore siffofin don gudun kamantawa, aka kira wannan ta'aɗili, wato wofintarwa. Wasu suka kamanta Allah da halitta, aka kira su Mushabbiha ko Mujassima. Mu'utazila suka ce Allah masani ne mai iko da zatinsa, ba da wasu siffofi daɗaɗɗu da suka ƙaru a kan zatin ba, suka ce Alƙur'ani halitta ne, suka kuma ce ba za a ga Allah a lahira ba. Wannan bai tsaya a zaure ba. A 218 halifa Ma'amun ya mayar da maganar halittar Alƙur'ani dokar gwamnati, ana titsiye alƙalai da malaman hadisi. A zamanin Mu'utasim aka yi wa Ahmad bin Hambal bulala aka tsare shi, ya ƙi janyewa, sai a mulkin Mutawakkil aka kawo ƙarshen wannan jarrabawa.

Abul Hasanil Ash'ari a cikin Mu'utazila ya tashi, almajirin Jubba'i ne, har ya kai kimanin shekara arba'in kafin ya bar su. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki makaminsu na hujjar hankali ya kare aƙidar mutanen hadisi da shi: ya tabbatar da siffofi, da ganin Allah a lahira, da cewa zancen Allah ba halitta ba ne. Ya rasu a 324. A daidai wannan lokaci Abu Mansur Maturidi yana irin wannan aiki a Samarkand, ya rasu a 333. Makarantarsa ta tafi tare da Hanafawa, shi ya sa ta fi yawa a Turkiyya, Asiya ta Tsakiya, Indiya da Pakistan, yayin da Ash'ariyya ta yaɗu a cikin Malikawa da Shafi'awa. Saɓanin biyun kaɗan ne, misali ko hankali shi kaɗai yana wajabta sanin Allah kafin zuwan manzo. Asariyya, daga asar, wato abin da aka ruwaito, ita ce hanyar waɗanda suka ƙi shiga kalam, suka tsaya kan nassi. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, shi ya fi kowa yi mata hidima da alƙalami, kuma Salafiyyar yau daga wannan rijiya take sha.

Ina ne ainihin wurin rabuwa? Kalmomi uku ne. Isbati: a tabbatar da siffar a kan ma'anarta ta zahiri yadda ta dace da Allah, ba tare da tambayar yaya ba. Tafwili: a karanta nassin yadda ya zo, a tsarkake Allah daga kama da halitta, a bar wa Allah sanin ma'anar. Tawili: a fassara shi da wata ma'ana da Larabci ya yarda da ita, kamar a ce hannu yana nufin iko. Salafawa suna kan na farko, suna ganin na uku karkatarwa ne. Ash'arawa suna tsakanin na biyu da na uku, suna jin tsoron na farko zai ja jahili zuwa kamantawa. Abin mamaki shi ne kowane ɓangare yana kafa hujja da amsar da Imam Malik ya ba wanda ya tambaye shi game da istiwa'i, wato daidaituwa a kan Al'arshi, cewa sananne ne, yanayinsa ba a san shi ba, imani da shi wajibi ne, tambaya a kansa bidi'a ce. Haka babin aƙida na farkon Risala, kowa na cewa nasa ne. Ni a nawa gani, saɓanin na gaske ne, ba na baki kawai ba, kuma ba na jin daɗin masu shafe shi don a zauna lafiya. Amma wanda ya ce wa Ba'ash'are Bajahame, ko ya ce wa Basalafe Mujassimi, ya jingina wa mutum abin da mutumin yake rantsuwa bai faɗa ba.

Wa ya raɗa sunan?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibai ba sa yi, alhali ita ce ke warware rabin matsalar. Da yawa daga sunayen nan abokan gaba ne suka raɗa su. Mu'utazila sun fi son a kira su mutanen adalci da tauhidi. Hawarijawan farko suna kiran kansu Shurat, waɗanda suka sayar wa Allah da rayukansu. Ibadawa, da suke da yawa a Oman, da kwarin Mizab a Aljeriya, da tsibirin Jarba a Tunisiya, littattafan ƙungiyoyi suna saka su cikin Hawarijawa, su kuwa ba su yarda da sunan ba, kuma ba sa halatta jinin sauran Musulmi. Sunan Ƙadariyya ma rigima aka yi a kansa: tun da akwai ruwaya mai zargin masu wannan suna, sai masu kore ƙaddara suka ce ai masu tabbatar da ita ne suka fi cancanta a kira su da ita. Wahabiyya haka take, mabiyan Muhammad bin Abdulwahab, wanda ya rasu a 1206 bayan hijira, ba su kira kansu da ita ba. Rafila suna ne da ake jifan 'yan Shi'a da shi, Nasibawa kuma suna ne na masu ƙin iyalan gidan Annabi, wanda wasu 'yan Shi'a kan jefa wa duk wanda ya saɓa musu.

Akasin haka ma yana faruwa, suna mai daraja da kowa ke jan sa. Ahlus Sunna wal Jama'a yana da ma'ana mai faɗi, wadda ake faɗa idan ana bambantawa da Shi'a, kuma ta ƙunshi Baƙadire da Batijjane da ɗan Izala. Yana kuma da ma'ana mai ƙunci, wadda kowace makaranta ke ware wa kanta. A titunanmu yau in an ce masallacin Ahlus Sunna, an san abin da ake nufi, amma malamin zaure da ya karanta Sanusi zai ce maka sunan nasa ne tun kafin a haifi masu masallacin. Haka salaf: magabata ne na ƙarni uku na farko, kuma ba ɓangaren da ya ce ya bar hanyarsu, gardamar a kan mece ce hanyar tasu.

Littattafan da suka tattara sunayen nan su ma a karanta su da lura. Abdulƙahir Bagadadi, wanda ya rasu a 429, da Shaharastani, wanda ya rasu a 548, sun rubuta nasu ne da hadisin rabuwar al'umma gida saba'in da uku a gabansu, don haka za ka ga ana tsaga ƙungiya ɗaya gida-gida, ko a haɗe wasu, don lissafi ya cika. Wani sunan da za ka gani a can ra'ayin mutum ɗaya ne da almajiransa kaɗan, ya mutu tare da su.

Falsafa, zindiƙanci da ilhadi

Falsafa a tarihin Musulunci suna ne na masu bin tafarkin Girkawa, musamman Arisɗo, bayan an fassara littattafansu zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa: Kindi, Farabi, Ibn Sina. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, ya yi musu raddi a mas'ala ashirin, amma uku kaɗai ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna. Lissafinsu da manɗiƙinsu, wato ilimin tsara hujjar hankali, bai hana ba, har ya yi amfani da manɗiƙin a usulul fiƙihi. Wanda ya mayar masa da martani, Ibn Rushd na Ƙurɗuba, alƙalin Malikiyya ne, kuma shi ne mai Bidayatul Mujtahid da ake karantawa a makarantunmu. Mai Ahalarin da aka fara koya maka salla da shi, Abdurrahman Ahdari, shi ne kuma ya tsara waƙen Sullam a ilimin manɗiƙi. Shehu Magili da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare wannan ilimi. Saboda haka "ɗan falsafa" ba hukunci ba ne sai an ji me ya faɗa. Ɗalibin da ke karanta falsafa a jami'a fanni yake karantawa.

Zindiƙi kalma ce mai nauyi ƙwarai. Asalinta daga Farisa take, an fara jifan mabiyan Mani da ita, masu cewa haske da duhu su ne tushe biyu na duniya. A fiƙihun Malikiyya ta zama sunan wanda ke bayyana Musulunci yana ɓoye kafirci, kuma tabbatar da ita aikin alƙali ne da shaidu, ba na mai riƙe da waya ba. Dahariyya su ne masu cewa ba abin da ke halaka mu sai zamani, kamar yadda ya zo a suratul Jasiya. Mulhidi a da yana nufin duk wanda ya karkace daga gaskiya, a Larabcin yau ya taƙaita ga mai musun samuwar Allah. Shi daban yake da la'adari, mai cewa ba a iya sanin ko akwai ko babu. Dukansu kuma daban suke da mai ra'ayin almaniyya, wato raba addini da tafiyar da gwamnati. Wannan ra'ayi ne a kan mulki, malamai da yawa sun yi masa raddi mai zafi, amma mai riƙe da shi yana iya zama mai salla biyar, don haka raddin da ya dace da shi ba shi ne raddin mulhidi ba.

Yadda nake yi da ɗalibaina

Idan ɗalibi ya kawo mini suna, ba na fara ba shi fassara. Nakan ce ya gaya mini wace tambaya sunan yake amsawa, ta aiki ce, ta imani ce, ta tarbiyya ce ko ta shugabanci. Sannan ya nemo abin da masu sunan suka faɗa da bakinsu a littafinsu, kafin abin da abokan gardamarsu suka ce sun faɗa. Daga nan in sa shi ya bayyana ra'ayin yadda mai shi zai ji ya ce "haka nake nufi". Wanda ya kasa wannan bai isa yin raddi ba tukuna. Ɗalibai sukan ƙosa da wannan mataki, don sun fi son a ba su jerin ɓatattu su haddace.

Akwai abu ɗaya a tarihinmu da nake so ka riƙe. A zamanin Shehu Usmanu an yi wasu ɗaliban kalam da suke titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujjojin yadda suke a littafi su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa. Shehu, duk da cewa shi ma ya karanta wannan ilimi ya kuma koyar da shi, ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙar wannan ɗabi'a, yana cewa wanda ya furta shahada ya bayyana Musulunci ana hukunta shi da zahirinsa. Malaman ɓangarori daban-daban kuma sun bambance tsakanin a ce magana kaza kafirci ce da a ce wane kafiri ne, don na biyun yana da sharuɗɗa da abubuwan da ke hana shi, kamar jahilci da tilas da kuskuren fahimta.

Abin da na ba ka taswirar sunaye ce, ba fatawa ba ce a kan wani malami da ka ji an zarga, kuma ban yanke maka hukuncin mas'alar siffofi ba, don ba a yanke ta a amsa ɗaya. Rassan Shi'a, wato Zaidiyya da Isma'iliyya da Imamiyya, da kalmomin Sufaye irin su fana'i da wahadatul wujudi, kowannensu yana bukatar zama na kansa. In kana son ci gaba, ka fara da babin aƙida na Risala a gaban malami, don gajere ne kuma kowa ya yarda da shi. Bayan nan ka karanta Ummul Barahin wurin wanda ya karɓe ta daga malamanta, ka karanta Wasiɗiyya ta Ibn Taimiyya wurin wanda shi ma ya karɓe ta daga nata malaman, kana rubuta wuraren da suka haɗu da wuraren da suka rabu. Littattafan ƙungiyoyi irin na Shaharastani ka bar su sai ka gama waɗannan. Wallahu a'alam.